Wai da gaske Turanci ba shi da lokaci mai zuwa?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Yaro ya yi shekara shida a sakandare ana ɗura masa cewa in zai yi maganar gobe da Turanci ya sa "will", shi ke nan. Ƙarya ake koya wa yaranmu. Aikatau a Turanci siffa biyu kawai yake da ita ta lokaci: "go" da "went", "walk" da "walked". Babu ta uku. Bature in ya yanke shawara nan take, kamar waya ta yi ƙara, sai ya ce "I'll answer it". In tun jiya ya ƙudura niyya, "I'm going to sell the car". In an riga an tsayar da rana da wani, "I'm seeing the doctor on Monday". In abu ne na jadawali, "The train leaves at eight". Yaranmu duk huɗun "will" suke sawa, shi ya sa Turancinsu yake fita kamar karatun takarda.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ƙarya fa ka ce. Wato mu da muke aji maƙaryata ne? Littattafan makaranta da kansu "simple future tense", wato lokaci mai zuwa, suke rubutawa. Malami ya koyar da abin da ke cikin manhaja, ka kira shi maƙaryaci?

Malam Habibu: Ban kira kowa maƙaryaci ba, Malama. Darasin na ce ƙarya ne.

Malama Rabi: Mai faɗin ƙarya kuma mene ne sunansa?

Auwalu Gwale: Ƙarya ita ce ka san gaskiya ka ɓoye. Wannan taƙaitawa ce. Ɗan aji ɗaya ba za ka haɗa masa hanya huɗu rana guda ba. Malam ya janye kalmar kawai.

Dakta Nasiru: A ajiye zafi. Ta fuskar nahawu Malam Habibu bai yi kuskure ba. Babban littafin nahawun Turanci na Huddleston da Pullum, na 2002, lokaci mai zuwa bai lissafa shi cikin lokutan Turanci ba. "Will" ɗan gidan su "can", "may" da "must" ne, kuma asalinsa a tsohon Turanci ma'anarsa so ko nufi. Shi ya sa mai mota zai ce "The car won't start" alhali yanzu-yanzu motar ta ƙi tashi, ba gobe ba. A ƙwanƙwasa ƙofa a ce "That will be Musa", zato ne kan wanda ke tsaye a waje a lokacin.

Malama Rabi: Ranka ya daɗe, ku 'yan jami'a kullum haka kuke. Ku zo ku tsaya gaban yara tamanin a aji ɗaya tukuna.

Issoufou Maraɗi: Ni ina bayan Malam. Faransanci ne ke da lokaci mai zuwa na gaske, domin aikatau kansa ke sauyawa: "je pars" (ina tafiya), "je partirai" (zan tafi). Turanci sai ya aro wata kalma ya jingina. Kuma nan ne yaranmu na Nijar ke faɗuwa. Faransanci yana cewa "quand il viendra" (kalma da kalma, "lokacin da zai zo"), sai su kwaso shi su ce "when he will come, I will tell him". Kuskure ne. Bayan "when", "if", "before", "until" da "as soon as" ba a sa "will". Daidai shi ne "When he comes, I'll tell him".

Auwalu Gwale: Ɗan'uwa, wa ya tambaye ka Faransanci? Kuma dokar taka ba ta cika ba. "I don't know when he will come" daidai ne ɗari bisa ɗari, saboda a nan "when" tambaya ce aka sakaya, ba sharaɗin lokaci ba. Ka koya wa yaro "kada a sa will bayan when" kawai, ka jefa shi wani ramin.

Issoufou Maraɗi: Na yarda da wannan. Amma "wa ya tambaye ka" ɗin ba ta dace ba.

Alhaji Baba: 'Ya'yana, duk kun bar babbar ɓarna. Ina "shall"? Doka ita ce "I shall", "we shall", sauran kuma "will". Yau an watsar, kowa "I will".

Dakta Nasiru: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan dokar ana danganta ta da wani masanin Ingila, John Wallis, a littafin nahawunsa na 1653, kuma Turawan yau ba sa bin ta a magana. A baki ma "I'll" ake cewa, bambancin ya ɓace. Inda "shall" ke da rai shi ne tayi ko neman shawara, musamman a Ingila: "Shall I open the window?", "Shall we go?". Sai kuma takardun doka da yarjejeniya, inda take nufin wajibi. Ba'amurke da wuya ka ji ta a bakinsa.

Alhaji Baba: Na Amurka ai ba Turanci ba ne. Masu cewa "gonna".

Sadiya K.: Baba, da girmanka, "gonna" a Landan ma ana faɗin ta, "going to" ce aka haɗiye a magana. Ba a rubuta ta a jarrabawa, shi ke nan. Kuma sai kafin aikatau take zuwa: "I'm gonna eat" ana ji, amma babu mai cewa "I'm gonna Kano". Wani abin da ba a taɓo ba: "going to" ana amfani da ita in ga alama a gaban ido. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta taso, "It's going to rain". Ba a cewa "It's raining tomorrow", domin ruwan sama ba wanda ya yi alkawari da shi. Mu ma "za" ɗinmu daga tafiya ta fito, duba "ina za ka?" da "zan tafi".

Auwalu Gwale: To "I am coming" fa, da mutum zai faɗa yana fita?

Malama Rabi: "Ina zuwa" ce aka juya. Bature "I'll be right back" yake cewa. In ya ce "I'm coming", to yana tahowa wurinka ne.

Dakta Nasiru: Turancin Nijeriya ne, kuma kowa a nan yana gane shi.

Malama Rabi: A jarrabawa kuma jan biro zai sha. Ku kuna halasta komai, mu ake zagi in yara sun faɗi.

Malam Habibu: Jama'a, maganata fa kan hanyoyi huɗun nan ce, ba wanda ya ce uffan kan yadda za a koyar da su.

Auwalu Gwale: Tunda ni ke kula da zauren, ga abin da aka tsayar. An yarda kalmar ƙarya ba ta dace ba, kuma malaman aji ba su da laifi. "Will" tana nan a matsayin lokaci mai zuwa kamar yadda littafi ya ce, sauran hanyoyin a ƙara su a babban aji. Maganar Faransanci ba ta shafe mu ba. An rufe.

Issoufou Maraɗi: Wa ya yarda? Mu uku muka ce babu lokaci mai zuwa a Turanci, kuma Malam Habibu bai janye komai ba.