Horo da gyaran aikin ɗan sanda: shawarwarin da muka tattaro

A zaman da muka yi da tsofaffin jami'ai da malaman kwalejin 'yan sanda, abin da aka fi nanatawa shi ne a fara horo daga shugabannin caji ofis, kada a tsaya kan kurata kaɗai. Kurtu zai fito kwaleji da sanin cewa ba a dukan wanda ake tuhuma, amma ranar da ya ga sajan ya sharara wa wani mari a bakin kantar caji ofis, babu wanda ya ce uffan, karatun watanni ya bi ruwa. Wannan batu ya fi komai tsaya mini a rai.

Sun kuma ce a rage fareti, a ƙara gwaji a aikace: yadda ake ɗaukar bayanin yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba tare da kunyata ta ba, yadda ake adana shaida, yadda ake kwantar da fusataccen taro da baki kafin a ɗaga kulki.

Wani ya kawo misalin ƙasar Jojiya, wadda ta sallami 'yan sandan hanya a 2004, ta horar da sababbi, ta kuma ƙara musu albashi. Shawararsa ita ce a ɗaure ƙarin girma da kammala kwas da kuma halin jami'i a bakin aiki.