Masu dashen itatuwa sun zo garinmu, yaya za mu gane riba ce ko asara?

Ɗan Lagdo:
Assalamu alaikum. Ina noman masara da gyaɗa a wani ƙauye kusa da Lagdo, a arewacin Kamaru. Makon jiya wasu baƙi suka sauka wajen jauro, wato mai garinmu, suka ce suna so a killace dajin bayan gari a dasa itatuwa, a riƙa biyanmu kuɗin kabon. Sun bi mu gida-gida da tambayoyi suna latsa waya: buhu nawa kake samu, kana da babur, rufinka kwano ne ko ciyawa. Amma ba wanda ya tambaye ni inda awakina ke kiwo da rani, kuma dajin nan ne. Can ma tsohuwata ke tsintar kaɗanya. Wallahi abin ya hana ni barci. Me ya kamata mu duba kafin a sa hannu?

Malami daga Garwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Itace na zuƙar iskar kabon yana adanawa, kuma kowane tan ɗaya ana mayar da shi takardar da kamfanonin waje ke saya. Sai itacen ya girma an auna kafin kuɗin su fito, alhali daji tun ranar farko za a rufe shi. Irin wannan yarjejeniya takan kai shekara 20 ko 30. Ku nemi kwafinta, a fassara daga Faransanci zuwa Hausa da Fulatanci a bainar jama'a. Sannan ku rubuta da kanku abin da dajin ke ba kowane gida yanzu, don ku sami abin kwatantawa nan gaba.

Hajiya daga Ngong:
Ɗana, a sa mata cikin lissafin. Maigida bai san dami nawa na itacen girki ke shiga gidansa a mako ba. Ni da man kaɗe da daddawar ɗorawa na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. In an rufe daji aka miƙa kuɗi hannun maza, an ɗauke daga tukunyarmu ke nan. A tara mu daban, don a gaban jauro ba kowace ce za ta buɗe baki ba.

Dattijo daga Maga:
Ni ganau ne. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa. Wasu sun samu, ba na musu. Amma ambaliyar kogin Logone da ke jiƙa fadamun wajen Waza ta ja baya, kifi ya ragu, ciyawa ta ƙone, sai a 1994 aka buɗe wa ruwan wata hanya. Waɗanda suka fi jin jiki ba sa wurin da aka yanke magana.

Ku ma ku tuna da Fulanin da ke saukowa da rani. In an yi taro da damina, ba za a gan su ba. Gandun dajin Binuwai, da na Faro, da na Buba Njida, da wuraren farauta sun riga sun cinye fili mai yawa a yankinku. Aka toshe burtali, shanu gonarka za su faɗa.

Ɗan Lagdo:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na sayi littafi, da tsohuwata zan fara rubutun yau da dare. Jauro ya yarda a zauna bayan sallar Juma'a, kuma zan aika wa arɗo. Malam, in na samo takardar na ɗauki hotonta, za ka duba mana?