Na'ura mai amsa murya da kaɗaicin tsofaffi: abin da aka tattauna

An tattauna ne kan ko na'ura mai amsa murya tana rage wa tsofaffi kaɗaici. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa amfanin na'ura mai amsa murya, irin su Alexa, Siri ko Google Assistant, ga dattijo shi ne ba sai ya latsa komai ba. Wanda idonsa ya yi rauni ko hannunsa ke rawa, da baki zai ce a kira masa 'yarsa, a kunna rediyo, a tuna masa lokacin shan magani. Wata ta ce mahaifinta kan tambayi na'urar ƙarfe nawa, alhali ga agogo a bango. Muryar kawai yake son ji.

2. A sa masa lambobin 'yan uwa tun farko, a zauna da shi har ya saba.

3. Inda aka rabu: wasu na ganin tana ɗebe kewa, wasu na tsoron 'ya'ya su fake da ita su daina leƙowa. Ni dai tsoron nan bai bar ni ba.

4. Sirri: kunnenta a buɗe yake kullum tana jiran a kira sunanta. A nuna masa maɓallin kashe makirufo, in tana da shi.

Sauran ƙorafi: yawancin aikinta sai da intanet, kuma ba kowane harshe take ji ba.