Muhawara: Wai Akwatin Bes Mara Nauyi Ba Ya Da Ƙugi?

Ɗan Zuru: Salama ga manya da ƙanana. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗina. Akwatin sauti na jitar bes ɗina mai sifika huɗu ne 'yan inci 10, nauyinsa ya kai kilo 40. Duk bikin da aka kira mu Koko ko Yauri sai na nemi wanda zai kama mini, direba kuma ya karɓi kuɗin kujera guda saboda shi. Ina so in sayar in ɗauko ƙananan nan masu maganaɗisun niyodimiyam (niyo, ɗan maganaɗisu mai ƙarfi mara nauyi) guda biyu, kowanne da sifika ɗaya 'yar inci 12. Amma mai gangarmu ya rantse cewa akwati mara nauyi ba ya da ƙugi, a fili ba za a ji ni ba. Gaskiya ne?

Baba Mai Bes: Wanga mai ganga naka ya gaya maka gaskiya, yaro. Nauyi shi ne sauti. Ka dubi akwatin kamfanin Ampeg mai sifika takwas, tun 1969 ake hawa dandali da shi, ya haura kilo 60, kuma har yau manyan makaɗan duniya ba su yar da shi ba. In ka tsaya gabansa ka taɓa igiyar sama, a ƙirji za ka ji ta kafin kunne. Su ba su san da marasa nauyin ba ne? Ku yaran yanzu lalaci ke damunku.

Anti Mai Haya: Baba, su manyan da kake faɗa ai ba su ke ɗauka ba. Suna da yara da babbar mota. Ɗan Zuru a bayan Keke Napep yake lodi.

Ɗalibin Aliero: Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka. Abin da kake ji a gaban wancan akwatin gaskiya ne, amma ba nauyin ne ya haifar da shi ba. Sifika takwas ne ke tura iska lokaci guda, cikin akwati mai tsawon da ya kusa kai ƙirjin mutum. Ka ɗauki tambari da kalangu: tambari ya fi ƙugi don faɗin fatarsa da girman cikinsa, da za ka ɗaura wa kalangu dutse ba zai koma tambari ba. Igiyar da ta fi kauri a bes mai igiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar a mai igiya biyar kuwa sau 31. Don fitar da irin wannan sauti abu uku ake bukata: faɗin takardar sifika, nisan da take iya kai-komo ba tare da ta shaƙe ba, da yawan iskar cikin akwati haɗe da ramin numfashinsa. Maganaɗisu aikinsa ya ba koyil, wato naɗin wayar da ke tura takardar sifika, ƙarfin da zai motsa. Koyil bai san ko daga baƙin maganaɗisu mai kilo 5 ƙarfin ya fito ba ko daga ɗan niyo da bai cika tafin hannu ba.

Baba Mai Bes: Turancin makaranta ke nan. Ni da kunnena na ji. An kawo muna irin wanga ƙaramin a wani biki nan Birnin Kebbi, da aka ɗaga murya sai akwatin ya dinga tafiya bisa dandali shina kakkarwa, sai da aka aza mishi bulo. Ga sauti kamar ana buga kwali.

Kafinta Yauri: Wannan kam Baba bai yi ƙarya ba, kuma nan ne aikina ya shigo. Rabin nauyin akwati katako ne. In mutum yana son sauƙi sai ya sa falanki siriri bai ɗaure shi ta ciki ba, to bango zai riƙa rawa tare da sifika, ƙarfin da ya kamata ya fita waje sai ya ƙare a kaɗa katako. Kamfanonin kirki irin su Barefaced na Ingila siririn filawud suke sa wa, amma cikin cike yake da sanduna a gicciye, kowane bango a ɗaure da ɗan'uwansa. Ga gwajin da nake yi: ka ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa. In ya amsa gajere, ƙwas, ya yi shiru, an ɗaure shi. In ya yi dum ya ja, ka bar musu kayansu. Sannan nauyin wasu akwatunan da ake yabo ba na inganci ba ne, garin katako ne aka matse. Damina ɗaya a Yauri, danshin kogi ya shige shi, sai ka ga gindin ya kumbura, sukurori suna fita da hannu.

Injiniya Jega: Kun bar inda gizo ke saƙar. Ni ba ruwana da wanda ya fi daɗin ji, teburina ake kawo su in sun mutu. Sifika mai baƙin maganaɗisu in ta ƙone, in kwance takarda, in naɗa sabon koyil, in manne, jibi ka zo ka ɗauka. Kayanta suna nan Kano da Alaba a ko'ina. 'Yar niyo in koyil ne kawai ya ƙone ita ma ana gyarawa, in an sami daidai girmanta. Amma in zafi ya kashe maganaɗisun kansa, sai dai sabuwa, kuma ba a Jega ba. Niyo ɗin gama-gari daga digiri 80 yake fara rasa ƙarfi, kuma in ya wuce iyakarsa ba ya dawowa. Ku tuna Afrilun Kebbi, inuwa ma ta haura 40, ga akwati baƙi a rana tun azahar, ga mai bes ya murɗe amfi, na'urar da ke ba sifika ƙarfi, har ƙarshe.

Ɗalibin Aliero: Oga, wannan gama-garin ka faɗa. Akwai ajin da ke jure 120, akwai mai 150, kuma su masu ƙera sifikar kirki suke amfani da shi, har da haƙarƙarin alminiyam a baya don fitar da zafi. Baƙin maganaɗisu ma yana yin sanyin jiki in ya ɗau zafi, sai dai shi in ya huce ƙarfinsa ya komo.

Injiniya Jega: To ai ka faɗa da bakinka, ya komo. Kuma wa zai gaya maka ajin da ke cikin wadda ka saya? Na buɗe akwati da tambarin babban kamfani a gaba, ciki sifika ce marar suna, an rubuta wat 1000 a kwali, koyil ɗin bai kai inci 2 ba.

Anti Mai Haya: Ni dai ga abin da na gani a haya. Manyan akwatuna ba kiɗa ke kashe su ba, saukewa ce. Yara biyu sun gaji ƙarfe ɗayan dare, sai su sake shi daga bayan mota ya daki ƙasa, kusurwa ta fashe, wani lokaci maganaɗisun ya goce ya danne koyil. Ƙaramin kuwa mutum ɗaya ya rungume shi ya ajiye a hankali. Amma kuɗinsa fa? Da kuɗin niyo ɗaya na asali zan sayi tsofaffi na hannu fiye da ɗaya.

Ɗalibin Aliero: Tsadar tana da dalili, Anti. Mafi yawan wannan ma'adinin daga Sin ake tace shi. Da suka rage fitar da shi a 2010, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2011, masu ƙera sifika suka ji a jikinsu. Maganaɗisun kansa ba sabo ba ne, tun farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi a Japan da Amurka. Kamfanoni irin su Markbass na Italiya ne suka yaɗa shi tsakanin masu bes, tare da ƙananan amfi masu wat 500 da ba su kai kilo 3 ba, alhali amfin da ake ɗora wa akwatin Ampeg ɗin da Baba ke so shi kaɗai ya haura kilo 35.

Ɗan Zuru: To ni dai tambayata ba a amsa ba. Za a ji ni a fili ko ba za a ji ba?

Ɗalibin Aliero: A nan zan ba Baba rabin gaskiya. A ɗaki bango da kusurwa suna taya bes. A fili babu mai taya ka, kuma duk sanda nisa ya ninka, sauti ya ragu da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne). Ninka wat ɗin amfi kuwa desibel 3 kawai yake ƙara maka, don haka sayen babban amfi ba zai cece ka ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta wani injiniya Hofmann: ƙanƙanta, zurfin sauti, da ƙara, biyu za ka zaɓa. Ka lura ƙanƙanta ya ce, bai ambaci nauyi ba. Sifika biyu 'yan inci 12 faɗin takardarsu bai kai na huɗu 'yan inci 10 ba. In masu kai-komo mai nisa ne za su rama, in na banza ne ka yi asara. Ɗaya tak kuwa a filin biki, kada ma ka fara.

Baba Mai Bes: Alhamdu lillahi, yaro ya dawo hanya.

Ɗalibin Aliero: Ban dawo ba, Baba. Babban akwati mara nauyi zai yi abin da naka ke yi.

Injiniya Jega: Ɗan Zuru, in ka nace, ka duba abu biyu. Kowane akwati ya zama om 8 (om ma'aunin tirjiyar sifika ga wutar amfi ne), in ka haɗa biyun su zama om 4, amfinka ya ba da cikakken ƙarfinsa. Kada ka sayi masu om 4 guda biyu, za su sauka om 2, yawancin amfi ba su ɗauka, sai ka kawo mini shi yana wari. Na biyu, ka ɗora ɗaya kan ɗaya a tsaye, na sama ya matso kusa da kunnenka. Rabin masu ƙona sifika don ba su jin kansu ne, sautin yana wucewa ta ƙafafunsu, sai su yi ta murɗawa.

Anti Mai Haya: Kuma in an yi hayar manyan sifikun taro, ka ba mai mikisa, wato mai daidaita sautin taron, waya daga bayan amfinka. Jama'a su ji ka ta can, naka ya zama na jin kanka.

Baba Mai Bes: Mai mikisa? Wanda in mawaƙi ya harare shi bes yake fara ragewa?

Anti Mai Haya: A bar gardama haka. Ina da 'yan inci 12 na niyo guda biyu a shago. Asabar da la'asar Baba ya kawo nasa filin da ke bayan shagona, amfi ɗaya, jita ɗaya, kowa ya juya baya ya yi taku 20, Injiniya ya riƙa sauya waya. Man janareto na kanka, Ɗan Zuru.

Baba Mai Bes: Na yarda, bisa sharaɗi. A zo da mai ganga ya buga da ƙarfinsa na biki, kuma a yi awa guda ana kiɗa kafin kowa ya buɗe baki. Sannan a turo mini yara biyu da Keke, ni ba ni iya ɗaga shi.