Tafiyar yau da kullum: a sa ta cikin lissafin kalori ko a bari?

Jama'a, muhawarar da aka yi kan wannan tambayar ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda tafiya na ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), amma ba da yawa ba. Mai nauyin kilo 70 kan ƙona kalori 50 zuwa 60 a kilomita ɗaya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kuwa kusan 120 ne. Wato ka tako daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa cikin zafin ranar Maradi, ka tsaya wajen mai ƙosai, ka mayar da abin da ka zubar.

2. Inda aka fi haɗuwa: kada a ƙirga abu sau biyu. In ka gaya wa manhajar lissafin kalori ta wayarka cewa kai mai yawan zirga-zirga ne, ta riga ta sa zuwa masallaci, cefane da kai yara makaranta cikin lissafinta. Ka sake rubuta su, ka yaudari kanka. Ni ma a nan na tsaya.

3. An rabu kan tafiyar niyya. Wasu sun ce minti 30 da sauri bayan asuba, har numfashi ya ɗan ɗaga, motsa jiki ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar minti 150 a mako. Wasu sun ce a rubuta, amma a rama rabin kalorin da aka ƙona kawai da abinci, don waya kan yi ƙari a lissafinta.

4. Wanda ya bar kabu-kabu ya koma tafiya ƙasa, an ce ya auna nauyinsa mako uku tukuna kafin ya taɓa lissafi.