Me za mu kira "gothic fantasy" da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, ana neman tsayayyar kalma ga finafinan da Turawa ke kira gothic fantasy, irin Edward Scissorhands na Tim Burton da ya fito a 1990. Masu sharhi suna rubuta "fim ɗin ban tsoro", kuma bai zauna ba. A fim ɗin ban tsoro dodo ake gudu. A nan kuwa dodon shi ne abin tausayi, mutanen gari su ne abin tsoro.

Malamin Adabi: Malam, mu fara daga tushe. Goth sunan ƙabilar da ta ci birnin Rum ne a shekarar 410. Daga baya Italiyawa suka laƙaba sunan ga majami'u masu tsinin bakan gini da aka fara ginawa a Faransa a ƙarni na 12, kuma zagi suke nufi. Adabi ya ɗauki kalmar a 1765, lokacin da marubucin Ingila Horace Walpole ya sa ta a shafin farko na bugu na biyu na littafinsa The Castle of Otranto. Tun daga nan ba a raba irin wannan labari da tsohon gini, da asirin da aka binne a ciki, da wani mai zaman kaɗaici. Ginin ne ginshiƙi, don haka na kawo "almarar kufai".

Malamar Nahawu: Almara ta yi daidai, domin tatsuniya za ta jawo mana Gizo da Ƙoƙi da hirar yara. Kufai ne ban yarda da shi ba, Malam. Kufai gari ne da kowa ya tashi. Su kuwa waɗannan finafinai sai da gari mai cike da mutane, sannan ga gida guda a gefe da ake nunawa da yatsa. Wannan kango ne. Kuma a bakin mutane yau kango har da ginin da aka fara ba a ƙarasa ba. Ku dubi Edward, ƙerarren mutumin da ke cikin fim ɗin Burton: mai ƙera shi ya mutu kafin ya sa masa hannuwa, ya bar shi da almakasai. Shi kansa kango ne. A ce "almarar kango".

Ɗan Sinima: Me zai hana mu ara, mu ce "gotik"?

Malamar Nahawu: A darasin tarihin gini za ta yi, tunda can suna ne kawai. A sharhin fim ba ta nuna wa mai karatu komai, sai an bi ta da bayani. Gwada su a jimla: "ya ƙware a almarar kango", "finafinan almarar kango". Ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

Mai Fassara: Na karɓa. Saura outsider, wadda ake ta fassarawa da "baƙo" daga farkon fim har ƙarshe.

Malamin Adabi: Nan ne kuskuren yake. Baƙo ana yi masa shimfiɗa, kuma ana sa ran tafiyarsa, shi ya sa aka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kalmomi uku ake bukata, kowacce da zangonta. Da aka sauko da Edward cikin unguwar nan mai gidaje iri ɗaya, matan unguwa suna rububinsa yana musu aski yana gyara shuke-shuke, baƙo ne. Da aka kama shi a gidan da aka sa shi ya buɗe don sata, sai ya koma bare, wanda ba mai tsaya masa sai gidan da ya sauka. Da mutanen unguwa suka bi shi a guje har gidansa na kan tudu, ya zama saniyar ware. Haka fim ɗin Frankenstein na 1931 ya ƙare, mutanen ƙauye da wuta a hannu sun kewaye injin niƙan da dodon fim ɗin ya fake a ciki. Wanda ya sa "baƙo" a duk wuraren ya shafe juyin labarin.

Ɗan Sinima: To conformity fa? Na ga an rubuta "biyayya".

Malamar Nahawu: Biyayya yabo ce a wurinmu, ga iyaye da shugaba ake yin ta. Abin da maƙwabtan nan ke yi shi ne bi Yarima a sha kiɗa. In ya yi tsawo a rubutun ƙasan allo, a ce "bin ayari".