A taimaka da Hausar "retina" da sunan kifin "eel", jibi zan ɗauki shiri

Malamar Rediyo, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jibi Alhamis zan ɗauki shirin kimiyya na yara, a sa shi ranar Asabar. Wani yaro daga Kumo ya aiko da tambaya, wai shin kifi yana ganin launi? Na ga babu labarin da zai amsa masa kamar na kifin nan dogo da Turawa ke ce wa eel, don shi idonsa sauyawa yake yi a tsakiyar rayuwarsa. To kalmomi sun tsaya mini a wuya: sunan kifin, da retina, da ƙwayoyin nan iri biyu da ke jikinta. Ba na so in shafe minti 15 ina jifan 'yan firamare da Turanci.

Ɗalibin Kashere: Wa alaikumus salam Anti. Retina a ce ragar ido. Asalin kalmar daga Latin ne, kuma raga take nufi. Shi kuwa kifin a ce gaiwa a huta.

Ɗan Masunta, Dadin Kowa: Haba ɗalibi. Gaiwa daban. A bakin dam ɗin nan na tashi, na san gaiwa, na san yauni, na san minjirya. Gaiwa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, in ruwa ya janye ta shige laka ta kwanta har damina. Hoton da Malama ta nuna mini na wancan ba shi cikin Gongola kaf. In aka ce gaiwa a rediyo, duk ɗan masunci zai ɗauka gaiwarmu ce ke tafiya teku.

Nas ɗin Ido, Bolari: Kafin a zaɓi suna, Malama, bari a san aikin abin. Retina ba ta gaban ido, can ciki take, shimfiɗe a bangon baya kamar yadda ake shafe cikin ƙwarya. Haske ya ratsa ƙwayar ido ya sauka kanta, ita ta mayar da shi saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Masu karɓar hasken iri biyu ne. Na farko sirara ne dogaye, a idon mutum sun kai wajen miliyan 120, su ke aiki in haske ya yi ƙaranci, amma ba ruwansu da launi. Shi ya sa bayan Isha in an ɗauke wuta za ki ga mutum tafe, ba za ki iya cewa rigarsa ja ce ko shuɗiya ba. Su ne kuma ke kasawa in jiki ya rasa bitamin A, a sami dundumi. Na biyu masu tsini ne, wajen miliyan 6, su ne na rana da launi, kuma a wurinmu kashi uku ne. Abin da nake roƙo kawai, kar a taɓa kalmar yana. Da na ce wa tsoho yanar ido ya san ciwon da ake yi wa aiki nake nufi. Hakiya ma tana da nata gurbin.

Alaramma, Pantami: Ai ba sai an wahala ba. Larabci ya riga ya ce shabakiyya, daga shabaka, wato raga. Mun ari littafi, mun ari alƙalami, mun ari hankali. Wannan ce za ta gagare mu?

Baba Hedimasta, Jekadafari: Allah ya gafarta Malam, aro ai sai wanda ya rasa. Shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi, kuma faifan ido nake cewa. Faifai da'ira ne, shimfiɗaɗɗe, duk abin da aka zuba yana tarewa, shi ke nan aikin retina. Raga kuwa huji ne da ita, abu yana wucewa. Wane yaro za ka ce wa haske yana sauka kan raga bai tambaye ka me ya hana shi zurarewa ba? Faifan ido. Ki rubuta, 'yata.

Malamar Rediyo: Na gode Baba, na rubuta. Amma ku ji labarin kifin tukuna, wataƙila ya taimaka. Ana samunsa a kogunan Turai da arewacin Afirka, tun daga Norway har Maroko, sai dai ba a can ake ƙyanƙyashe shi ba. A tekun Sargaso ne, can yammacin Atlantika, kuma wani masani ɗan Denmak, Johannes Schmidt, ya shafe kusan shekara 20 yana bin sawun 'ya'yan kifin kafin ya nuna wurin a farkon shekarun 1920. Ruwa ke kwaso su ƙanana, jikinsu garau kamar gilashi, su shiga kogi. Nan za su zauna shekara 10 ko fiye, cikinsu ruwan ɗorawa, suna farautar dare. A wannan zaman idonsu yana da siraran ƙwayoyin nan da yawa, da masu tsini kashi biyu, ɗaya na ɓangaren kore ɗaya na ɓangaren shuɗi. Ran da lokacin haihuwa ya zo sai jiki ya koma ruwan azurfa, kifi ya daina ci, ido ya ƙara girma sosai, ya kama tafiyar kilomita 5,000 ko fiye ya koma inda ya fito. Abin da ya fi taɓa ni, sinadarin da ke cikin siraran ƙwayoyin shi ma musanya shi ake yi. Na kogi ya fi jin haske mai kore-kore, na tafiya ya fi jin shuɗi, domin can ƙasan teku ja tun a sama yake ɓacewa, shuɗi ne kaɗai ke nitsawa. Masu tsinin kuma su yi ta raguwa. Tun yana cikin kogi ake shirya masa idon wurin da bai kai ba tukuna. Ina son yaro ya ji wannan da harshen da uwarsa ke masa magana.

Nas ɗin Ido: To ga amsar yaron Kumo nan. Launi sai da kwatantawa: ƙwaƙwalwa tana duba wane kashi ne ya fi motsawa. Mai kashi ɗaya ba shi da abin kwatance. Kifin nan in yana kogi yana da biyu, don haka yana da kayan aikin raba kore da shuɗi, ko da bai kai namu uku ba. Na cikin zurfin teku ya sayar da launi ya sayi ganin duhu.

Baba Hedimasta: Kun gani? Faifai ne aka sake wa saƙa. Kalmar tana tafiya da kanta.

Ɗalibin Kashere: Baba, da girmamawa, mu yanzu in an ce faifai bidiyo muke ji, ko waƙa. Faifan ido zai zama kamar wani abu da ido ya naɗa ya ajiye.

Baba Hedimasta: Laifin wa ke nan? Ku kuka bar faifan uwayenku kuka kama na waya. Kuma wannan ita ce cutarmu a Gombe. Da wani farfesa ne a Kano ko Zariya ya ce faifan ido da tuni kun haddace. Da yake tsohon malamin firamare ne daga Jekadafari, sai kowa ya zama mai gyara.

Wani Bakano a Bajoga: Baba ai gaskiya ce, daidaitacciyar Hausa tana da gida. Ba kowa zai tashi ya ƙera kalma ba, balle garin da rabin kasuwa Fulatanci ake yi.

Ɗan Masunta: Kai malam ja bakinka. Sunayen kifi nawa ka sani? Hausar da muke yi a bakin ruwa ba a aji aka ba mu ita ba.

Alaramma: Mai harshe biyu ai ya fi sanin inda kalma ke ciwo. Amma ni har yanzu ban ji aibin shabakiyya ba, sai dai ƙyamar Larabci da wasu ke ɓoyewa.

Baba Hedimasta: Ba wanda ya ƙi Larabci, Malam. Ɗan aji uku ne zai furta shabakiyya?

Malamar Rediyo: Don Allah iyayena da yayyena, saura kwana biyu. Ba Kano ba Gombe, yaro ne ya yi tambaya.

Nas ɗin Ido: Ni a asibiti tantanin gani nake cewa, tsofaffi kuma suna ganewa. Tantani siriri ne, kowa ya taɓa ganinsa a jikin ƙwai ko nama, ita ma retina siririya ce haka. Da na ce wa mai ciwon suga jini ya zuba a tantanin ganinsa, ba ya sake tambaya. Ƙwayoyin kuwa kar a bi siffa kamar yadda Turawa suka yi, suka ce wa siraran sanduna, masu tsinin kuma mazurari. In kika ce ƙananan sanduna, kafin Litinin yara sun mayar da su 'yan sanda. Mazurari kuma zai sa a zaci wani abu ake ɗurawa. A bi aiki: 'yan dare da 'yan launi.

Ɗalibin Kashere: 'Yan dare da 'yan launi ya zauna. Na janye raga.

Baba Hedimasta: Wannan na yarda, ya yi. Tantani kuwa ban yarda ba. Tantanin kunne ma akwai, tantani ya yi yawa a jiki. Sannan ba ya gaya maka cewa abu ne mai tarewa.

Alaramma: Saura kifin. Larabawa suna ce masa macijin teku.

Ɗan Masunta: A'a Malam. Ka ce maciji, mata su daina sayen duk wani dogon kifi a kasuwa, mu ne da asara. Kuma kifi ne sosai, ana cin sa. In dole ne a ce ɗan Sargaso, kamar yadda ake kiran kaya da sunan garin da suka fito.

Ɗalibin Kashere: Amma na Japan ba a Sargaso yake haihuwa ba, nasa wurin yana tekun Fasifik.

Ɗan Masunta: Ran da Malama za ta yi shirin na Japan sai a sake zama.

Malamar Rediyo: Ga abin da zan yi. Zan ce tantanin gani, in faɗi retina sau ɗaya saboda masu jarrabawa. 'Yan dare da 'yan launi sun shiga. Wajen bayani zan ce yana tare haske kamar yadda faifai ke tare tsaba, don kwatancen Baba ya fi kowanne saurin shiga kai. Kifin zan ce dogon kifin Turai mai kama da gaiwa amma ba ita ba, daga nan in ci gaba da ɗan Sargaso. Raina bai kwanta da wannan na ƙarshe ba, sai dai lokaci.

Baba Hedimasta: An mayar da suna kwatance. To. Zan kunna ranar Asabar. Ki dai tura mini rubutun kafin ki shiga ɗauka, 'yata, in duba sauran.

Alaramma: Shabakiyya tana nan ga manya in an zo rubuta littafi.

Ɗan Masunta: Malama, "mai kama da gaiwa" ɗin nan, ki ƙara da cewa shi ba ya kwana cikin laka da rani.